Kuɗin 'yan kwana-kwana: ba ranar gobara ake biya ba

Tambaya: Malam, ina da sito da nake ajiye kayan sayarwa a wajen gari, inda masu kashe gobara ba sa zuwa sai ga wanda ya yi rajista yana biyan kuɗin shekara. Shekara uku ina biya, ko hayaƙi ban gani ba. Bana kasuwa ta yi sanyi, wa'adi ya wuce da wata biyu ban sabunta ba. Wani abokina ya ce in bar shi, idan wuta ta tashi ai dole su zo, sai in biya a lokacin. Da gaske za su iya tsayawa suna kallo? In haka ta faru, alhakin wa ke nan?

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare ka da dukiyarka. Kafin komai, ka je ka biya, yau in da hali. Abokinka yana son ka da alheri, amma shawararsa tana iya cinye maka jari a dare ɗaya.

Za su iya tsayawa suna kallo, kuma an taɓa yi. A watan Satumba na 2010, a gundumar Obion ta jihar Tennessee a Amurka, wuta ta tashi daga sharar da aka ƙona a bayan wani gida, ta kama gidan. A lokacin, masu kashe gobara na garin South Fulton suna zuwa ƙauyukan kewaye ne kawai ga wanda ya biya dala 75 a shekara. Mai gidan ya ce mantawa ya yi. Ya kira su, ya ce zai biya duk abin da suka yanka masa, aka ce sunansa ba ya cikin rajista. Motar ba ta fito ba sai da wutar ta doshi filin maƙwabcinsa wanda ya biya. Suka ja mesa suka fesa ruwa a kan iyaka, gidan mutumin yana ci a gabansu har ya zama toka, da karnukansa da kyanwarsa a ciki.

Ni dai wannan abu bai kwanta mini a rai ba. Mutum yana riƙe da ruwa, gidan ɗan'uwansa yana ci, ya naɗe hannu, wannan ba hali ba ne da zan yaba. Amma kai ɗan kasuwa ne, ya kamata ka gane lissafin da ya sa suka ƙi karɓar kuɗi a bakin wuta. Abin da kake biya duk shekara kuɗin zama cikin shiri ne: mota da man da ke cikinta, gyaranta, albashin mutanen da ke kwana ido biyu suna jiran waya. Waɗannan kuɗaɗe suna fita ko an yi gobara ko ba a yi ba. Da za a yarda kowa ya biya ranar da wuta ta kama shi, da ba wanda zai biya kafin nan, kuma da ranar ta zo babu motar da za ta fito. Shekaru ukun da ka biya ba su tafi a banza ba, kwanciyar hankali ka saya, kuma ka same ta.

Bayan surutun da aka yi ta yi, a 2012 garin ya sauya tsari: za su je ko mutum bai yi rajista ba, amma za su aiko masa da takardar dala 3,500 a kan fita ɗaya. Raba wannan da 75, za ka ga kuɗin shekara kusan 47 ke nan. To ko da maganar abokinka ta tabbata suka zo, duba tsadar da za ka sayi abin da yake da araha a yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da alhaki, a mahangar yarjejeniya yana wuyanka, domin kai ka sa hannu, kai ka san wa'adi. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mafi yawan sito ba kayan mai shi kaɗai ne a ciki ba. Akwai waɗanda ka karɓa bashi sai ka sayar ka biya, akwai ajiyar mutane. Wuta ba ta goge bashi. Dila zai jajanta maka yau, bayan sati biyu ya buɗe littafinsa. Idan kuwa ya ji cewa sakacin kuɗin rajista ne ya sa ba a kawo ɗauki ba, amanar da kuka gina shekaru ita ma ta ƙone.

Idan ka je biya, kada ka miƙa kuɗi ka juyo. Ka nemi takardar yarjejeniyar ka karanta, ko a karanta maka. Wace rana kariya take komawa bayan an sabunta, nan take ko sai bayan wasu kwanaki? Adireshin da suka rubuta na siton ne ko na gidanka? Mutane da yawa nan suke tuntuɓe. In haya kake yi, ku rubuta kai da mai ginin wanda biyan yake kansa, don kada kowa ya zaci ɗayan ya biya. Rasit kuma ka ɗauki hotonsa a waya, kada ka bar shi a aljihun teburin da ke cikin siton.

Ka kuma raba wannan kuɗi da inshora. Masu kashe gobara ruwa suke kawowa, ba sa biyan diyyar abin da ya ƙone. In kana da inshora, tambaye su a rubuce ko katsewar rajistar tana shafar haƙƙinka.

Tun da matsin kuɗi ne ya sa ka jinkirta, raba kuɗin shekarar gida goma sha biyu, ka riƙa cirewa duk wata tare da kuɗin haya, ko ka sa banki ya riƙa turawa da kansa. Yaron da ke kwana a siton kuma ka ba shi lambar wayarsu da lambar rajistarka, ka nuna masa yadda ake zare ƙusar tukunyar kashe wuta, ya gwada da hannunsa a gabanka.