Amsa: Injin mota mai kilomita 280,000 yana misin (wata silinda ba ta ƙona mai daidai), daga ina zan fara?

Malam, ka ce injin yana rawa idan mota na tsaye, wutar check engine kuma tana ƙiftawa. Wannan ƙiftawar ba wasa ba ce: man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa, zai iya ƙona katalita, wato na'urar da ke tace hayaƙi a jikin salansa. Ka rage tuƙa ta har a gyara.

Fara da sikana ta OBD-II, na'urar da ake jonawa a mota don karanta kodin matsala. Idan ta nuna P0303, silinda ta uku ce ke da matsala. P0300 kuwa na nufin misin ɗin ba wuri guda yake ba, sai a duba tiyon da ke zuƙar iska ta ɓaraka ko raunin famfon mai.

In silinda ɗaya ce, kada ka yi saurin sayen kaya. Ɗauke koyil ɗinta (abin da ke ba fulogi wuta) ka musanya da ta silinda ta biyu, ka goge kodin, ka sake tayar da inji. Idan kodin ya koma P0302, koyil ce ta mutu. Bai koma ba? Kwance fulogi. Baƙin toka busasshe alama ce ta yawan fetur, jiƙewa da baƙin mai kuma zoben fistan ne ko robar bawul.

A tsohon inji, gwajin kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin iska a cikin silinda, shi ne ke faɗin gaskiya. Bambanci tsakanin silindoji bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, ka sake gwadawa. In kwamfireshan ya tashi, zobe ne ya cinye. Bai motsa ba, sai a buɗe kan inji a duba bawul ko gaskit.