Mai faci ya ba RAV4 ɗina iska geji 50, in bar ta haka ko in rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota RAV4 ƙirar 2008, 'yar Beljiyam. Da ita nake kai yara makaranta a Kano, ƙarshen wata kuma mu tafi gida Gumel da iyali da kaya. Ina son in ɗan ƙawata ta da manyan wili, kariya a sama, fitilu masu haske da kyamarar baya. Amma tun da mai faci ya ba ta iska geji 50, wai jif ce mai ɗaukar kaya, nake jin tana rawa in na haura gudu 100, ɗan rami kaɗan sai ta yi tsalle. Abokina kuma ya ce in rana ta take in riƙa rage iskar a hanya kada taya ta fashe. Bara taya ta fashe wa maƙwabcina, motar ta wuntsila. Wanne zan bi? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Gobe da safe, kafin motar ta motsa daga gida, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne a wurin, ɗauke da girman taya da iskar da Toyota ta yanka wa motar. A RAV4 ta wannan shekara 32 za ka gani, gaba da baya. Sauke iskar zuwa nan. Yawancin rawar da kake ji za ta tafi a ranar. In ba ta tafi duka ba, sai a duba balansin da alaimen da shokazoba.

Wannan geji 50 ɗin kullum sai na ci karo da shi a gareji, kuma na san inda ya samo asali. A gefen kowace taya akwai lamba da aka rubuta, 44 ko 51, tare da kalmar da ke nufin iyaka. Iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ke nan, kamfanin tayar ne ya rubuta, shi kuwa bai san a wace mota za a ɗaura ta ba. Mai faci ya ga lambar, ya ɗauka ita ce ma'auni. Wani ma bai duba komai ba, ya saba da bas-bas ɗin haya masu taya mai kauri, duk motar da ta ɗan yi tsayi sai ya ce jif ce, a cika mata. Ka lura da gejin da ke hannunsa: gilashin ya tsage, allurar ba ta komawa sifili, an ɗaure bututun da robar tsohon tub. Da shi yake auna motar da za ka ɗauki 'ya'yanka a ciki. Wani ko gejin babu, ya buga tayar da ƙarfe ya saurari ƙara, ya ce ta yi.

Abin da ke haɗa motarka da kwalta a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu ba. In iska ta yi yawa, tsakiyar tayar ta kumburo, gefuna su ɗaga, wannan ɗan wurin ya ƙara tsukewa. Birki ya rage kamu, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, a damina kuma motar ta riƙa zamewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Tayar da ta ƙame ba ta lanƙwasawa in ta faɗa rami, dukan yana tafiya kai tsaye cikin zaren da ke jikinta, daga nan ƙulu ya fito a gefe. Taya mai ƙulu ta gama aiki, ba ta da faci. Ka ƙara da cewa RAV4 ta fi ƙaramar mota tsayi, nauyinta yana sama, don haka kuskuren da Corolla za ta yafe maka, ita tana iya kifewa a kansa.

Shawarar abokinka ta fi ta mai faci haɗari, kuma ita ce ta fi yawo a tsakanin direbobi. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa in taya ta ɗau zafi, da geji 3 zuwa 5 a doguwar tafiya. Masu ƙera motar sun san da wannan, sun riga sun saka shi a lissafi, shi ya sa 32 ɗin awon taya mai sanyi ne, wadda ta yi aƙalla awa 3 a tsaye. In ka tsaya a Ringim da tsakar rana ka ga 36 ka sauke ta zuwa 30, to a haƙiƙa ka bar ta da wajen 26. Tayar da iska ta yi mata kaɗan tana murɗewa a gefe a kowane juyi, murɗawar tana haifar da zafi a ciki, zafin ya raba roba da wayar ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Can sai ɓangaren zanen tayar ya ɓare gaba ɗaya ana cikin gudu. Wato abin da ake gudu shi ake jawowa da hannu.

Amurka ta ga wannan a shekarar 2000, lokacin da tayoyin Firestone suka riƙa ɓarewa a jikin Ford Explorer, motocin suna kifewa, mutane da dama suka mutu, akasari a jihohi masu zafi. An janye taya miliyan 6.5 a watan Agustan shekarar, kuma iskar da aka yanka wa motar, 26, tana cikin abin da aka yi ta jayayya a kai. Dalilin haka aka kafa dokar da ta sa tun daga Satumban 2007 kowace sabuwar mota a can take zuwa da na'urar gargaɗin iskar taya. In taka daga Amurka ta fito, tana da ita: 'yar fitilar nan ce ruwan ɗorawa a dashbod, mai alamar motsin rai a tsakiya. Mu kuma a nan me ake yi mata? Mai wayarin ya liƙa mata baƙin salatif ko ya cire ƙwan, ya ce ba ta da amfani a ƙasarmu. Sannan in taya ta tashi da mutane a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa a mota amana ya ɗauka, kuma za a tambaye shi abin da ya sani ya yi sakaci da shi.

Ka duba shekarun tayoyin ma. Bayan haruffan DOT a gefe akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta ƙare bayan shekara 4. Wadda ta haura 6 ni ba na barin ta a motar iyali, ko da zanenta bai ci ba. Tayar hannu mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe ta lokacin sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, ba ta jure kwaltar watan Afrilu. Safayar da ke rataye a ƙofar baya ita ce aka fi mantawa, ga ta a rana kullum, sai ranar buƙata a tarar babu iska. In kuwa Allah ya kiyaye taya ta fashe kana gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki, ɗaga ƙafa daga totur a hankali har gudun ya mutu, sannan ka gangara gefe.

Sai maganar ƙawata mota. Abu na farko da za ka saya geji ne naka na kanka, da ɗan famfon iska mai aiki da soket ɗin mota. Ana samun su a Kofar Ruwa, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba. Auna duk mako biyu da kuma safiyar tafiya.

Manyan wili ka haƙura da su. In wili ya girma, gefen taya raguwa yake, kuma wannan gefen ne ke shanye dukan ramukan hanyar Gumel. Bar ta a wili mai inci 16 ko 17 da ta zo da shi. In taka mai jan ƙafa huɗu ce, tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinsu kusan ɗaya, in ba haka ba na'urar da ke ba ƙafafun baya ƙarfi za ta riƙa wahala.

Kariya tana da amfani ga katifa, tabarma da jakunkunan tufafi. Rufin irin waɗannan motoci kilo 45 zuwa 75 yake ɗauka, buhun masara guda ya riga ya wuce haka. Kaya masu nauyi su zauna a but, a ƙasa, jingine da kujerar baya. In taka daga Amurka ta fito, wannan takardar ta jikin ƙofa ta kuma faɗi jimillar nauyin mutane da kaya, kuma a mai kujeru biyar bai kai kilo 400 ba. Manya biyar sun kusa cinye shi kafin a sa jaka ko ɗaya.

Kyamarar baya ka sa, na goyi bayanka ɗari bisa ɗari, don safayar nan tana tare ganin yaro ƙarami a bayan mota. Ka dai tsaya a kan mai wayarin ya sa mata fis, kada ya fere waya ya murɗa ya naɗe da salatif. Fitila kuwa, kafin ka sayi farin ƙwai mai kashe idon na gaba, sa a goge gilashin da ya dushe a daidaita saitinsa, sau da yawa matsalar ke nan. Shimfiɗar roba a ƙasa da but za ta cece ka daga laka da man ja. Matatar iskar esi tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, ana zare ta da hannu ba tare da sifana ba, ka canja ta kafin hunturu da bayansa. Gilashi mai duhu yana jawo maganar takardar izinin 'yan sanda, kuma wahalar nemanta da tsayawar shinge sun fi sanyin da zai ba ka. Mayafin gilashin gaba in ka faka a rana ya wadatar.