Ga 'yar'uwar da likita ya rage wa shinkafa

'Yar'uwa, kin ce tun da aka gano ciwon suga aka rage miki shinkafa, aka hana ki lemon kwalba, har addu'ar cin abinci ta koma yi miki nauyi a baki. Sannu. Ni ma na sha wannan a Zuru. Mutumin Kebbi, ƙasar shinkafa, a ce ya koma ɗan tuwon dawa da miyar kuka!

Watannin farko da ƙunci nake cewa "Mun gode Uba". Daniyel sura 1 ta Littafi Mai Tsarki ce ta kwance ni: shi da abokansa uku sun ƙi abincin sarkin Babila, suka roƙa a gwada su da ganyaye da ruwa kwana 10. Su da kansu suka zaɓa, ni dole ce ta sa, amma daga nan na fara duba abin da ke cikin kwanona. Kwaɗon zogale, dafaffen wake, ɗan kifin Yawuri. Kowanne nakan kira sunansa a gaban Ubangiji kafin in sa hannu.

Kada ki bar magani, kuma ki tambayi likita kafin azumin coci, don suga na iya faɗuwa. Ranar Kirsimeti kam har yanzu idona na kan dafa-dukar maƙwabta.