Amsa: Da me halittun da ke ƙarƙashin gindin teku suke rayuwa?

Malam, ka tambaya ko akwai mai rai a cikin lakar da ke binne ƙarƙashin gindin teku, inda hasken rana ba ya kaiwa. Akwai, kuma ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani. A shekarar 2012, jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu ya same su a zurfin kusan kilomita 2.5 ƙasa da gindin teku, zurfin da babu rijiyar burtsatse a nan Katsina da ta kusance shi.

Abincinsu ragowar matattun halittu ne da laka ta binne tun shekaru aru-aru. Da yake iskar da muke shaƙa ba ta isa yawancin wuraren, wasunsu na amfani da sinadarin salfet, wani nau'in gishiri da ke narke cikin ruwan teku, a madadinta, wasu kuma na fitar da iskar gas ta metan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jinkirin rayuwarsu, domin ƙarancin abinci ya sa ƙwaya ɗaya takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta sabunta jikinta. A 2020, masana a Japan sun ba da rahoton cewa sun ciyar da ƙwayoyin da aka ciro daga wata laka mai shekaru miliyan 101 a kudancin tekun Fasifik, suka farfaɗo har suka soma hayayyafa.