Tambaya da Amsa: Ziyarar sarauniya ce ta karya masu gidan Muckross?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai wani tsohon gida a bakin tafki a ƙasar Ailan wanda masu shi suka talauce saboda saukar Sarauniya Biktoriya. Shin gaskiya ne, kuma a hannun wa gidan yake yanzu?

Amsa: Gidan da kake nufi shi ne Muckross, kusa da garin Killarney a kudu maso yammacin Ailan. An kammala shi a 1843 domin Henry Arthur Herbert da matarsa Mary, yana da ɗakuna 65, kuma William Burn ne ya tsara gininsa.

Labarin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an yi masa ƙarin gishiri. Sarauniyar ta sauka a gidan a watan Agustan 1861, ta kwana biyu kacal, alhali iyalin sun shafe shekaru suna shiri, sun faɗaɗa lambuna, sun sake kayan ɗaki, har labulen da aka saƙa musamman domin ziyarar yana nan rataye a ɗakin cin abinci. A watan Disamban shekarar mijinta Albert ya rasu, ta shiga dogon makoki, sarautar da ake cewa masu masaukin sun sa rai da ita ba ta zo ba.

Duk da haka, a ganina ba adalci ba ne a ɗora wa baƙuncin kwana biyu laifin duka, domin gidan bai fita daga hannun iyalin ba sai bayan kusan shekara arba'in, lokacin da bashi ya yi musu katutu, kuma gwagwarmayar manoma 'yan haya da ta kunno kai a 1879 ta rage kuɗin hayar gonaki da manyan masu filaye ke dogaro da shi.

A 1899 Lord Ardilaun na iyalin Guinness ya saye shi. A 1911 wani attajirin ma'adinai daga Kaliforniya, William Bowers Bourn, ya saya wa 'yarsa Maud a matsayin kyautar aure. Da ta rasu a 1929, iyayenta da mijinta Arthur Vincent suka yanke shawarar miƙa gidan da fili kimanin eka 11,000 ga gwamnatin Ailan, aka yi hakan a 1932 domin tunawa da ita. Wannan kyauta ce ta zama gandun daji na ƙasa na farko a Ailan, kuma tun 1964 aka buɗe gidan ga masu ziyara.