Hajiya, kafin ki biya maginin nan ki ji yadda lambuna ya ƙare

Wa alaikumus salam. Hajiya sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin fama min wani tsohon ciwo. Kin ce ruwa na kwanciya a tsakar gidanki, katangar baya ta tsage har ta ɗan karkata, magini ya yi miki lissafin sama da miliyan biyu, kuma wai sai an sare mangwaro, an tashi fangalin ganyenki, a shimfiɗa intalok ko'ina. Kina son ki san ko kuɗin ya yi daidai, da ko shukokin za su tsira. Kamar gidana kike ba da labari wallahi.

Tamu katangar ba ta tsaya a tsagewa ba. Cikin markar Agustan 2023 ta zube, wajen ƙarfe uku na dare, bayan an kwana biyu ana ruwa. Allah Ya tsare ba kowa a wurin, kajina huɗu kawai ta danne. Kin ce jikokinki na wasa a bayan nan, to don Allah ki hana su tun yau. Katangar da ta karkata ba ta sallama. Idan kuɗin aiki bai haɗu ba, ki samo leburori biyu su sauke ta da hannu, a kafa langa-langa a wurin kafin rani. Ba kyan gani, na sani, haka muka zauna wata shida maƙwabta na leƙen shanyata.

Wanda ya yi mana aikin ɗan'uwan Alhaji ne, kuma nan na fara yin kuskure. A watan Nuwamba ya zo har falo ya ce a ba shi kuɗin siminti buhu 60 ya saya ya ajiye, don kaya na tashi. Gaskiya ya faɗa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun shekarar komai yake hawa, kuɗin tifar yashi ma ya canja. A lokacin buhu yana wajen dubu biyar da wani abu. Muka ƙirga muka ba shi, ba takarda ba shaida, ai ɗan gida ne. Bai saya ba. Yau yana wani aiki a Wudil, gobe matarsa ta haihu, jibi wayarsa a kashe. Sai Fabrairun 2024 ya bayyana, daidai lokacin da buhu ya haura dubu goma, har ministan ayyuka ya zauna da kamfanonin siminti aka yi maganar a mayar da shi dubu bakwai zuwa takwas. Ya zauna a kan tabarmata yana shan kunun da na dama, yana ce min "Yaya, ai kin ga yadda ƙasar ta koma, kuɗin nan ko rabi ba zai saya ba." Ina kuɗin suka kwana wata uku? Har yau ba amsa. Alhaji ya ce a bar maganar saboda zumunci. Ni ce na sayar da 'yan kunnena aka cika.

Amma kuɗin ba shi ne ya fi ci min rai ba. Ana fara aiki aka yi mana rasuwa a Zariya, na tafi kwana biyu. Kafin in fita sai da na kama hannunsa na zagaya da shi, na nuna masa fangalin alayyafo da na latas, da yakuwa, da na'a-na'a, na nuna masa lemun tsamin, na ce wannan mahaifiyata ce ta dasa shi da hannunta shekarar da muka tare, ta rasu ta bar min shi, ko me za a yi kada a matso kusa da shi. Ya ce insha Allahu. Da na dawo, tun daga ƙofa na ji ƙirjina ya buga. Tifar tsakuwa a kan alayyafo aka juye ta. Jar ƙasar da suka haƙo daga ramin fandisho sun tsiba ta a kan baƙar ƙasata, ƙasar da na yi shekara tara ina haɗawa da kashin awaki da toka da ɓawon kayan miya. Siminti kuwa a gindin lemun suke kwaɓawa, wai nan ne da inuwa. Nan suke wanke shebur da kwanon sarki da baro, ruwan yana tsuma a gindinsa fari fat. Ramin da suka ja ya datse masa manyan saiwoyi biyu, na gan su da idona a yashe kamar igiya. Na tsaya da mayafina da jakata a hannu na kasa magana. Wani yaro cikin leburorin ya ce "Haba Hajiya, ai ciyawa ce." Shi kuwa maigidan nasu dariya ya yi, ya ce zai sayo min wani dashen a bakin titi, ɗari biyar ne. Ɗari biyar! Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a gidan rasuwar ba.

Lemun bai mutu nan take ba, da ma ya mutu na huta. Ganyen ya fara rawaya daga sababbin toho, don ruwan siminti yana da kaifi irin na farar ƙasa, yana hana saiwa jan abincin da ke ƙasa. Na tone na canja ƙasar sama, na zuba taki, na riƙa sayen ruwa wajen 'yan garuwa ina kwarara masa. Zafin Afrilu ya ƙarasa shi.

Kan maganar miliyan biyun, ba wanda zai ce miki ya yi ko bai yi ba sai ya san tsawon katangar. Ki ce ya warware miki lissafin a takarda: bulo nawa, mai inci 6 ne ko mai inci 9, siminti buhu nawa, rodi nawa kuma mai wane kauri, yashi da tsakuwa tifa nawa, kuɗin hannu nawa. Ki tura yaro Ƙofar Ruwa ya tambayo farashin rodi, ki kira mai yashi da kanki. Kayan ke za ki saya, shi jingar aikinsa kawai za ki biya, kuma kashi-kashi. Kafin alƙalami kada ya wuce na abincin leburori. Bulo kuma ki ɗaga ɗaya ki sake shi daga ƙugu, idan ya watse kamar dakakkiyar gyaɗa ki bar wurin, masu buga shi suna miƙa buhu ɗaya ya fitar da abin da bai kamata ba. Kuma kada ki ɗauki ɗan'uwa. Na faɗa na sake faɗa. Bare za ki iya kai shi wajen mai unguwa, ɗan'uwa kuwa sai ki haɗu da shi a gidan suna yana gaishe ki.

Mangwaron nan ban yarda a ɗora masa laifi da ka ba. Magina sun fi son fili fayau, aiki ya fi musu sauri. Idan tsakaninsa da katanga taku ɗaya ne ko biyu, to wataƙila da hannunsa, a tona a gani. Idan da tazara, ki nemi ɓarawon a wani wuri. Namu ruwa ne. Maƙwabcinmu na baya ya yi ciko ya ɗaga gidansa, lambatun layin ya cika da leda, duk ruwan unguwa ya dawo yana jiƙa gindin katangarmu shekara da shekaru. Ki duba masai ɗinki ma, idan ramin yana kusa da wurin kuma yana yoyo, ƙasa takan zauna ta ja katanga. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ki ɗauki lema ki fita ki tsaya ki ga ta ina yake shigowa, ina yake son fita. Ni ban yi haka ba. Mutumin nan ya gama katanga ya yi min daɓe, ruwan farko na watan Yuni sai ga shi a kicin har idon sawu, ashe gangaren ciki ya kalla, kuma ko kafa ɗaya bai bari a gindin katangar ba. Sai da aka kira wani dattijon birkila ya auna da tiyo mai ruwa, aka fasa rabin daɓen aka sake. Biya biyu kenan.

Intalok ko'ina kuma ni ban ba ki shawara ba. Ruwan da ƙasa take shanyewa ina za shi? Ga zafi, yayata ta yi a gidanta, da azahar ko kaza ba ta iya takawa, tumatir ɗinta na cikin buhu duk ya ƙone. Ki yi hanya daga ƙofa zuwa ɗakuna da wurin mota, sauran ki bar wa ƙasa.

Af, na kusa mantawa. Sati ɗaya kafin su zo ki kankare ƙasar saman fangalinki kamar taƙi ɗaya, ki ɗura a buhunan shinkafa ki jingine a inuwa. Na'a-na'a da ƙananan dashe su koma bokiti. Zogale ba shi da matsala, ki sari reshe mai kauri ki kafa a wani wuri zai kama. Ki ajiye musu tsohon kwanon rufi can bakin ƙofa ki ce nan za a kwaɓa, nan za a wanke kaya. Ki kewaye mangwaron da bulo ko igiya. Sannan ki sa kujera ki zauna, ko biki ne na 'yar ɗakinki ki aika da gudummawa.

Wurin da lemun yake har yanzu ko rama na shuka sai ta fito a tsumbure. Na dasa sabo a ɗaya kusurwar, bana ya fara fure. Ki turo hoton tsagar da na gindin mangwaron, a sa takalmi a gefe don mu gane tazarar, akwai masu aikin gini a cikinmu za su fi ni gani.