Amsa ga ɗan'uwan da tsohuwar bas ɗinsa ke ƙin tashi idan ta yi zafi

Ɗan'uwa, sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Ka ce da safe bugu ɗaya take tashi, amma idan ka yi doguwar tafiya ka tsaya shan mai ka kashe ta, sai ka murɗa makulli ka ji "tak" sau ɗaya, shiru, sai ta huce kafin ta yarda ta tashi, kuma har ka sauya batir abin bai daina ba. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ciwon da tawa ta yi ke nan sak, kuma na san yadda mutum ke ji idan ya kusa gidan mai yana tsoron kashe motarsa.

Roƙona na farko: kada ka sake sayen komai tukuna. Kada ka bari a ce maka kik ne (na'urar da ke juya injin idan ka murɗa makulli) a ciro shi, ko famfon mai ne a sauya, kafin a gwada a gabanka.

Ni abin da ya same ni, bakaniken da na daɗe ina kai wa aiki ne ya fara da batir. Na saya. Ta sake yi. Ya ce to kik ne, aka kwance, aka sa wani. Muka kama hanya da iyali, ina cewa an gama. Yamma ta yi, ƙaramar 'yata ta ce a tsaya mata, na gangara gefen titi a wani wuri da babu gida babu shago, na kashe mota saboda na yarda da maganar mutumin nan. Da muka dawo na murɗa, "tak". Na sake, "tak". Duhu na shigowa, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, mahaifiyata tana baya ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota. Ba ta ce mini komai ba, sai dai ina ganin ta a madubi tana shafa kan yarinyar tana cewa ta yi shiru, yanzu za a tafi. Wannan shirun nata ya fi komai yi mini ciwo. Na kira bakaniken, ya ɗauka sau ɗaya, ya ce wai ƙila famfon mai ne, in kawo ta gobe. In kawo ta da me? Motar da injinta ko juyawa ba ya yi, ina ruwan famfon mai da ita? Daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, ba don kuɗin ba, don ya san da wa zan yi tafiyar, na gaya masa da bakina, ya kalle ni ya ce in tafi hankali kwance. Kik ɗina na asali ma bai dawo mini da shi ba, kuma daga baya na tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Wani direban babbar mota ne ya tsaya, Allah Ya saka masa da alheri. Bai kwance komai ba. Ya ɗauko wayar jona batir guda ɗaya, ya maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan bakin ya maƙala a jikin ƙarfen injin, ya ce in buga. Ta tashi nan take. Sai ya haska mini tocila ƙarƙashi, ya nuna mini wata waya mai kauri, saƙaƙƙiya, da ta haɗa injin da jikin mota. Ta yi kore shar da tsatsa, rabin silin ta ya tsittsinke, notin da ke riƙe da ita kuma yana motsi da yatsa. Ita ce wayar da wuta ke bi ta koma batir. Kik yana jan wuta mai yawa, ya haura amp 100 nesa ba kusa ba, na dizal ma ya fi haka. Da sanyin safiya ragowar wayar tana iya ɗauka da kyar. Idan ƙarfe ya yi zafi, wuta tana ƙara wahalar wucewa, shi kansa kik ɗin ya fi buƙatar ƙarfi, sai abin ya gagara. Kuma ka lura, zafin da ke kewaye da injin yana ƙaruwa ne a mintunan farko bayan ka kashe mota, domin ruwa ya daina zagayawa, iska ta daina bugawa. Irin bas ɗinmu da injin ke ƙarƙashin kujera a matse, abin ya fi tsanani. Shi ya sa a gidan mai take kunyata ka.

Ban ce lallai taka ma haka ne ba, amma gwajin nan ba ya cin ko sisi, ka fara da shi lokacin da take cikin ƙin tashin, ba da safe ba da take lafiya. Wannan ne kuskuren da ake yi a gareji: ka kai mota a sanyaye, ta tashi a gabansu, sai su koma lalube.

Ka kuma saurari kukanta da kyau. "Tak" guda ɗaya daban, "ta-ta-ta-ta" da sauri daban. Na biyun yawanci batir ne ya yi rauni ko kawunansa sun yi datti. Ka kunna fitilun gaba ka sa wani ya tsaya ya duba yayin da kake bugawa. In sun dushe sosai, wuta ce ba ta isa, ka koma kan batir da wayoyi. In suna nan da haskensu garau kuma "tak" kawai kake ji, to hankalinka ya koma kan kik ɗin, ko gawayinsa ya cinye ko abin da ke tura shi ya gaji. A irin wannan, wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar sifana, a hankali, ba dukan huce haushi ba. Sau da yawa yana tashi ya kai ka gida. Ka tabbata giya tana firi kuma an ja birkin hannu kafin ka sa hannu a wurin, don Allah.

Kawunan batir kuwa, sabon batir ba ya hana su zama matsala. Ka kama kowanne ka murɗa da hannu, in ya juya to bai ɗauru ba. Farin garin nan da ke taruwa a kai ka goge shi tas har ƙarfe ya yi ƙyalli, ciki da waje.

Ka sayi ƙaramar mitar gwada wuta ka ajiye a mota, ni yanzu ba na fita ba ita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan volt 12.6. In injin na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, in ba ka gani ba to mota ba ta cajin batir, kuma ko sabo nawa ka saka haka za ta shanye shi. A nan sai a duba fambel ko ya saki, a duba alternator, wato na'urar da ke cajin batir. Lokacin bugawa kuma in ta faɗi ƙasa da 10 sosai, batir ɗin ko haɗinsa akwai magana. Duk rewayan da ya san aikinsa zai yi wannan a gabanka cikin mintuna kaɗan. Wanda ya ƙi ɗauko mita, ya ce shi da kunne yake ganewa, ka ɗauki motarka ka bar wurin.

Af, in wata rana ta canja salo, injin yana juyawa amma bai kama ba, wannan wani ciwo ne daban. In ta fetur ce mai famfo a cikin tanki, ka murɗa makulli rabi ka kasa kunne, za ka ji ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In babu, ka duba fiyus da rile kafin ka zargi famfon. Koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ma yana yin haka, ya yi aiki a sanyi ya ɗauke wuta a zafi. In ta dizal ce, iska tana shiga layin mai ta tsohon tiyo da ya tsage. Kuma kada ka riƙe makulli kana ta nika fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, ka bar kik ya huta tsakani, in ba haka ba kai da kanka za ka ƙona shi.

Tunda muna maganar zafi, in ka ga allurar zafi ta haura, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto nan take. Ruwan a matse yake, ya wuce tafasa, fuska yake nufa. Na ga hannun wanda ya yi haka, ba na fatan kowa ya gani. Ka jira ta huce.

Kafin ka samu a gyara, in taka mai kuloci ce, ka riƙa tsayawa a inda ke da ɗan gangare, hancinta na kallon ƙasa. In ta ƙi, ka kunna makulli, ka sa giya ta biyu, a tura, ka saki kuloci da ta ɗauki gudu. In mai canja giya da kanta ce, turi ba zai yi ba, sai dai ka gwada bugawa a N maimakon P, wani lokaci makunnin giyar ne ke hana ta. Wayar jona batir mai kauri, tocila, sifana 10 da 12 da 13, da ragowar fiyus, su zauna ƙarƙashin kujera kullum, musamman in akwai tsoho ko yara a motar.

Ka gaya mana ta fetur ce ko ta dizal, da abin da fitilun suka yi lokacin da ka buga, da yadda ka samu wayar nan ta jikin injin. Ina nan ina duba amsarka, don ba na so ka sake kama doguwar hanya da iyali kafin a gano ta.